Ƙoƙon gwiwar ɗan langa

Salamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Bukar, ina wasan langa a nan Gashua.

Bara mun je gasa Nguru. Ina cikin tsalle da ƙafar dama wani ya bangaje ni, ƙoƙon gwiwata ya goce gefe. Da aka miƙar da ƙafar sai ya koma wurinsa. Kyaftin ɗinmu, Modu, ya ce, "Abu mai sauƙi. Riƙe mai ciwon a hannu, ka yi tsalle da ta hagu." Na ce masa ƙafar da ake riƙewa ai lanƙwasa ta ake yi, kuma ni ba zan lanƙwasa kumburarriyar gwiwa ba. Muka sha kashi, ya daina yi mini magana.

A asibiti yayana ya matsa a yi tiyata a huta. Likita ya sa aka ɗauki hoton gwiwar, ya duba ya ce wannan ne karo na farko, kuma ƙashi bai ɓantare ba, don haka a ɗaure gwiwar, in riƙa motsa jiki har cinya ta yi ƙarfi. In ƙoƙon ya ci gaba da gocewa, to sai wuƙa. Na zaɓi haƙuri, na yi watanni ina kallo daga bakin fili.

'Yan wasa, a ɗauki hoto kafin a yanke shawara.

A gaishe mini da Modu. A faɗa masa na dawo, kuma da ƙafar dama zan shiga.