Inna Ta Ƙi Tatsuniyar Rana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan ka wuni lafiya. Sabi'u mai faci ne daga Lakwaya.

Makon jiya masu tatsuniya da kiɗa suka zo wata kwaleji a Gwarzo. Na goyo kakata, Inna Hajo, a babur. Mai gadi ya ce sai ɗalibai. Na ce, "Baba, tsohuwar nan ta fi laburarenku cika!" Ya yi dariya ya buɗe.

Ana cikin wasa, mai ba da labari ya rera waƙar wata tatsuniya, ya tsaya a rabi. Inna ta ɗaga murya ta ƙarasa masa, mai kalangu ya bi ta, ɗalibai suka ɓarke da tafi. Baƙin suka roƙe ta ta ba su wasu tatsuniyoyi su naɗa. Ta ce, "'Ya'yan nan, mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Ku zo bayan isha'i." Su kuwa ba sa kai magariba, don tsoron hanya.

Na yi faɗa har na gaji, dariya kawai take min. Shekarunta sun ja. Ni kuma da kaina na koyi rubutu, alƙalamina ba ya kamo bakinta.

Masu sauraro, don Allah yaya zan shawo kan tsohuwar nan?