Inda Motar Baba Ke Hucewa

A bencin garejin bakanike, wata mata da ƙaninta suna jiran a gama duba musu mota. Taswira na shimfiɗe a cinyarsa.

"Kwana uku sun ishe mu, Yaya. Mu ratsa hamada, mu kwana, washegari mu haye duwatsu."

"Biyar dai. Allah ya jiƙan Baba, kwana biyar yake yi da mu. Kuma sai mun tsaya a kwanar nan ta saman dutse, inda yake cewa kowa ya sauko ya kalli ikon Allah. Ka tuna? Jan yashi har iyakar ganinka, Mama na zuba mana shayi a murfin fulas."

Ya tuntsire da dariya. "Wane kallo? Injin ne ke ɗaukar zafi! Kuna can kuna kallon yashi, ni ina riƙe masa jarkar ruwa."

"Kai, ƙarya kake!"

"Wallahi. Ya ce kada Mama ta ji, za ta sa a sayar da motar."

Matar ta juya ta kalli motarsu.

"Ashe shi ya sa. Jiya ina haɗa wa Mama kayan tafiya ta ce, 'Ku tsaya min inda motar babanku ke hucewa.' Na ɗauka tsufa ne."

Ƙanin ya ciro biro, ya daɗe yana neman wurin a taswira, sannan ya zagaye shi.

"Wannan motar fa ba ta zafi," in ji shi.

"Na sani. Kai dai in mun isa wurin, ka buɗe mata bonet."