Ba Ƙin Zuwa Suka Yi Ba

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni tsohuwar shugabar makaranta ce a Zurmi, kuma ban saba kai kuka rediyo ba.

Da kake ba da tarihin gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙananan ƙungiyoyi, ka ce yaranmu sun ƙi zuwa wasan ƙarshe a Shinkafi, aka ba 'yan Ƙaura kofi. Ɗana, ka gyara. Ɗalibaina ne. A gabana motarsu ta tashi, suna waƙa. Alƙalin wasa na can yana duba agogo, 'yan bindiga suka tare su. Babu wanda ya dawo. Har yau in na ji usur, sai na leƙa ƙofa.

Ba kofin nake nema ba. Masu sauraro, wa zan gani a daina cewa sun gudu?