Sukarin Saratu

Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau.

Sunana Rahila, matar Yohanna mai gyaran injin ban ruwa. Da Hausa zan yi magana, domin idan na sa abin da ke bakina a Larabci, rabinsa zai zube a hanya. Ɗan'uwa Bulus zai juya wa waɗanda ba sa ji.

Da yawa cikinku kun ci abinci a gidana, kuna kirana mai buɗaɗɗen hannu. Yau ina so ku san matar da nake a da.

Mahaifina daga ƙasar Kano ya taso da bangaskiyarsa, ya zo ƙasar nan tsinkar auduga, ya zauna a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Sinnar. A nan aka haife ni, a nan na yi aure. Duk ƙauyen, gidanmu kaɗai ne na masu bi. Sauran duka Musulmi ne, kuma lafiya muke zaune, biki da makoki tare.

Allah ya ba mu ɗiya ɗaya, Saratu. Shekararta uku aka yi yunwar nan da manya cikinku suka sani. Dawa ta ɓace a kasuwa, yarinya ta rame, gudawa ta kama ta. Ba ni da abin da zan dama mata sai ruwa da ɗan tsaki. A kan cinyata ta cika. Bayanta ban sake haihuwa ba.

Ban yi kuka sosai ba a lokacin, har mata suna yaba haƙurina. Ashe ba haƙuri ba ne. Tsoro ne ya shiga ya zauna. Na ce a raina, ko duniya za ta tashi, gidana ba zai sake wayar gari babu abinci ba.

Daga nan na fara ɓoyo. Duk abin da maigidana ya kawo sai in raba biyu, in kai rabi ƙaramin ɗakin da ke bayan madafa, in sa kwaɗo. Ƙamshin girkina ma ba na son ya tsallaka katanga. Idan na ji sallama ina tuƙa tuwo, sai in rufe tukunya in fito ina goge hannu kamar ban ɗora komai ba.

Maigidana mutum ne mai son baƙi. Idan 'yan'uwa suka zo daga Sinnar, sai ya tarye su a tasha, ya kai su wurin mai sayar da ful, ya saya musu dafaffen wake da burodi, domin ya san abin da za su tarar a gida. Wata rana ya ce mini, "Rahila, kunya ta hana ni ɗaga kai a sujada. Ko ruwan shayi ba za mu ba mutum ba?"

Na ce, "Ranar da Saratu take jin yunwa, wa ya kawo mana?"

Bai sake tayar da maganar ba.

Sai shekarun tamwin suka zo, lokacin da ake raba sukari da mai da sabulu da kati. Kowane gida da katinsa, ana ba ka gwargwadon yawan mutanen gidanka, a kan farashin da bai kai na kasuwa ba ko kusa. Ranar da aka yi rajista na je gaban mutumin lajna, wato kwamitin da ke rabon. Baƙo ne a ƙauyen, bai san mu ba. Ya ce, "Ku nawa ne a gida?"

Na ce, "Uku."

'Yan'uwa, mu biyu ne. Na ba shi sunana, da na maigidana, da na Saratu, wadda ta shekara bakwai a kabari.

Maigidana yana fita tun asuba, bai taɓa duba katin ba. Kowane wata in shiga layi in karɓi rabon mutum uku. Rabon Saratu ba na haɗa shi da namu. Ina da garwa ta musamman, a ciki nake juyewa. Garwa ta cika, na samo ta biyu. Ban sayar ba, ban sha ba. Wani lokaci da rana sai in buɗe ɗakin in tsaya ina kallonsu kawai.

Kuma duk da ɗakin nan cike, ni kaina ba na iya ci. Loma biyu sai ƙirjina ya toshe. Na rame har zanena yana zagaye ni sau biyu. An kai ni asibitin Sinnar, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Ina zuwa sujada, ina rera waƙa da kowa, amma addu'a ta daina fita daga bakina tun ranar da aka rufe yarinyar nan.

Ana nan sai faɗa ya tsananta a kudancin yankin Bahar Azrak, mutane suka fara gudowa. Wata Talata da hantsi na ji ana buga ƙyaure. Na leƙa, sai ga mace doguwa, ƙafafunta duk sun tsage, tana riƙe da wata tsohuwa da ba ta iya tsayuwa da kanta. Da ɗan Larabcinta ta ce sunanta Marta, tsohuwar kuma mahaifiyarta ce. Ta ce sun tambaya a kasuwa ko akwai gidan masu kiran sunan Yesu, aka nuno musu nan.

A lokacin tukunyar tuwo tana kan wuta.

Na ce mata, "Maigidan ba ya nan. Mu ma ba mu da komai. Ku gwada Sinnar."

Ba ta roƙe ni ba. Ta dube ni, ta gyara riƙon tsohuwar, suka juya. Na mayar da ƙyaure na sa sakata.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Hajja Kulu, tsohuwar da mijinta ya rasu, tana zaman kanta da 'yar sana'ar ƙuli-ƙuli. Ita ta riƙe ni a cikin zane ranar da aka haife ni, Inna nake ce mata. Ina tsaye a tsakar gida na ji muryarta ta bayan katanga tana cewa, "Ku shigo, ku shigo. Marhaba." Na ji ana jan gado zuwa inuwa.

Kwana biyu ban fita ba. A rana ta uku bayan azahar sai ga Inna ta shigo da ɗan kofi a hannu.

Ta ce, "Rahila, tsohuwar ga gudawa ta kama ta. Mai magani ya ce a dama mata ruwa da gishiri da sukari, ta dinga kurɓa. Nawa ya ƙare, na zaga gida biyar, ƙarshen wata ne, ba kowa. Ko cokali biyu ki taimaka."

Na ce, "Inna, namu ma ya ƙare."

Ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa, ni ma na bi idonta. Layin kiyashi ne ya taso daga gindin katanga, ya ratsa tsakar gida, ya shige ta ƙarƙashin ƙofar ƙaramin ɗakin nan.

Ta ce, "To waɗanga, mi suke ɗauka a ciki?"

Na kasa ɗaga ido.

Ta ce, "Ɗiyata, ni na wanke Saratu da hannuna. Na san abin da ya kashe ta. Shi ne yanzu yake son kashe uwar wata a gidana. Su sun zo neman mutanen addininsu, ni ban san addu'arku ba, balle in yi musu." Ta ajiye kofin a kan turmi ta fita.

Na buɗe ɗakin na shiga. Zafi kamar tanda. Ga buhunan dawa, ga mai, ga garwa biyu. Na durƙusa don in ɗebi cokali biyun da aka roƙa, ina taɓa murfin sai na janye hannuna. Na ji kamar abincin yarinyata zan ɗauke daga bakinta.

A nan bakina ya buɗe, bayan shekara goma. Ba addu'a mai tsari ba ce. Na ce, "Yesu, ina kake ranar da take kuka? Na tara mata, ba ta zo ta sha ba. Na gaji. Ban iya buɗe garwar nan ba, sai ka buɗe mini hannu."

Sai kuka ya zo, kukan da ban yi a makoki ba. Na kifa goshina a kan buhu na yi ta yi har muryata ta dushe. Ban ga wahayi ba, ban ji wata murya daga sama ba. Abin da na sani shi ne, cikin kukan nan wani abu ya tabbata a zuciyata: Saratu ba ta jin yunwa. Tana wurin Ubangiji, ta ƙoshi tun tuni. Ni ce kaɗai na rage a cikin shekarar yunwa, kowa ya fita ya bar ni.

Da na miƙe, nauyin da ke ƙirjina ya sauka. Na bar kofin a kan turmi, na ɗora garwar gaba ɗaya a ka, na shiga gidan Inna.

Marta tana zaune a ƙasa tana yi wa uwarta fifita. Na sauke garwar, na durƙusa a gabanta na ce, "Na yi miki ƙarya. Akwai abinci a gidana ranar nan. Ki gafarta mini."

Ta ce, "Na sani. Na ji ƙamshin."

Sai ta matsa ta ba ni wuri a kan tabarma.

Mu uku muka yi ta ba tsohuwar ruwan nan da cokali har rana ta faɗi. Washegari na dama mata kunu mai ruwa-ruwa, ta sha rabin kofi. A kwana na huɗu ta tashi zaune ta nemi tuwo. Na tuƙa, na kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa, ba nama, ba komai sai albasa da ɗan mai. Muka zauna a akushi ɗaya. Sai da na ga ƙasan akushin na lura cewa ni ma ci nake yi, kuma babu abin da ya toshe.

Maigidana ya dawo, ya leƙo gidan Inna ya tarar da mu haka. Ya tsaya a bakin ƙofa da akwatin kayan aikinsa a hannu, ya kasa shigowa. Da baƙin suka kwanta hutawa na faɗa masa komai, har da sunan da ke kan kati. Da na gama ya ce, "Gobe sai mu je lajna tare."

Na ji tsoro ƙwarai, domin ana iya ƙwace katin, ana iya kai ni gaba. Muka je. Na ce wa mutumin, "Suna na uku a katin nan na ɗiyata ne, ta rasu tun kafin a fara tamwin. Na ci haƙƙin da ba nawa ba."

Ya dube ni, ya dubi katin. Ya ce, "Sukarin yana ina?"

Na ce, "Garwa ɗaya tana nan. Ɗayar muna ba marasa lafiya."

Ya ce in kawo wadda ta rage a raba wa waɗanda suka gudo, na ce to. Ya ja layi a kan sunan Saratu. Ganin alƙalamin nan yana bi ta kan sunanta ya yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba. Sannan ya ce, "Yanzu ku nawa ne a gida?"

Maigidana ya riga ni. Ya ce, "Huɗu."

Marta da mahaifiyarta suka dawo gidanmu. Ƙaramin ɗakin nan muka kwashe, muka share, muka sa gado biyu. Tsohuwar ta ƙara shekara huɗu a duniya, har ta koyi gaisuwa da Hausa, kullum da safe sai ta leƙa ta katanga ta ce wa Inna, "Ina kwana." Marta kuwa ga ta can zaune a layi na biyu, ku tambaye ta idan na ƙara ko na rage.

Tattalin da na koya a shekarun tsoro bai tafi a banza ba, Ubangiji ya juya shi. Ranar rabo ina cikin na farko a layi. Kuɗin da kati ya rage mana a sukari da mai, sai in sayi adas, ƙaramin waken nan na miya, da busasshiyar kuɓewa da shi ranar kasuwa, lokacin da suke araha. Daga nan abincin Alhamis ya samo asali: duk wanda ya sauka a tasha ba shi da masauki, direbobi sun san gidan da za su nuna masa. An daina tamwin tuntuni, tukunyar ba ta daina ba. Akwai Alhamis ɗin da sai mun ƙara ruwa a miya sau biyu, amma ban taɓa sallamar mutum da yunwa ba tun daga ranar. Inna ma, har ta bar duniya, ita ke aiko mana da ƙuli-ƙulin da muke barbaɗawa.

'Yan'uwana mata, na san akwai wadda ke jin kunyar gayyatar baƙo domin ba ta da nama, ko kwanukanta sun tsufa. Mai jin yunwa ba ya duba kwano. Akwai kuma wadda abin da ta kulle ba abinci ba ne, wani ciwo ne da ta hana kowa gani, har da Allah. Ki faɗa masa ko da faɗa ne, ko da kuka ne. Ni da zargi na fara tawa addu'ar, bai kore ni ba.

Na gode wa Yesu da ya warkar da ni, ya mayar wa maigidana da fuskarsa a cikin jama'a, ya ba ni 'yar'uwa a lokacin da ban cancanta ba. Ku dogara gare shi, yana da aminci.

Idan an tashi, akwai adas da kisra, wainar dawar nan mai faɗi, a ƙarƙashin bishiyar da ke bayan ɗakin sujada, ni da Marta muka dafa. Cokula ba za su isa ba, sai a wanke hannu. Kada kowa ya kama hanya bai ci ba.

Cikin sunan Yesu, amin.