Karo na Ukku Ana Ce Min In Janye

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hajiya Asabe, daga wani ƙauye kusa da Fakku.

Innarmu na cikin matan farko da sunka jefa ƙuri'a garinmu, lokacin da anka fara barin matan Arewa su yi zaɓe. Ni kuma na daɗe ina shugabar mata ta jam'iyya a mazaɓarmu. Gida-gida nika bi bisa babur har mata su fito layi.

Na nemi kujerar kansila ne don ɗakin shan maganinmu ba ungozoma. Bara ɗiyar ƙanwata ta rasu kan hanyar Tambuwal, tana naƙuda.

Ranar fidda ɗan takara mata sunka cika wurin, sai dattawan jam'iyya sunka ja ni gefe. Babbansu yac ce, "Hajiya, ke uwa ce. Ki janye ma abokin takararki, kamar ƙanenki ne, wani karon naki ne."

Nac ce, "Alhaji, karo na ukku ke nan ina jin wagga magana."

Yac ce, "To, an riga an gama."

Na janye. Anka ce in ja mata mu rangaɗa ma wanda anka tsayar guɗa. Guɗar nan ban yi ta ba.

Wallahi na gaji. Yanzu an aiko in tara mata don zaɓe mai zuwa, su kuma sun ce in ban fita ba, ba su fita. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in sake kai su layi, ko in zauna gida? Ina gaida matan da sunka tsaya min cikin rana.