Da Aka Kashe Fitilu a Cikin Kogo

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Rifkatu, 'yar Mangu, nas ce ni a wani asibiti a nan Deira, ƙasar Larabawa.

Kun san ni da surutu, amma akwai abin da na ɓoye muku. Bara ramin haƙar kuza ya rufta da ƙanena Bulus a can gida Mangu. An yi ta tono har aka haƙura, ko gawarsa ba a samu ba.

Ban yi kuka ba, fushi na yi. Ina zuwa sujada, ina motsa baki a waƙa, amma ni da Allah ba ma magana. Abin da ke cin raina shi ne Bulus ya mutu shi kaɗai cikin duhu, yana kira ba mai amsawa.

Abokan aikina da muke hawan duwatsu a garin Hatta suka shirya zuwa Saudiyya ganin wani kogo. Na bi su don kawai in bar ɗaki. Ashe kogon hanya ce da narkakken dutse ya bi ta ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da, lokacin da duwatsun wurin ke aman wuta, ya wuce ya bar dogon rami kamar bututu. Ina ganin bakinsa na so in juya. Girman kai ne ya shigar da ni.

Muka yi ta taka baƙin dutse mai kaushi har hasken waje ya ɓace. Sai jagoranmu, wani Balarabe, ya ce al'adarsu ce in an kai tsakiya kowa ya kashe fitilar goshinsa, a yi shiru. Na ce masa ban biya kuɗin jirgi don kallon duhu ba. Dariya ya yi, aka kashe.

Wayyo 'yan'uwa! Na kai hannu fuskata, ban gan shi ba. Ashe abin da Bulus ya gani ke nan. Na durƙusa na ce da ƙarfi, da Hausa, "Yesu, ina kake lokacin da yake kira?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ji murya ba. Amma duk waɗanda ke gefena sun ɓace mini, shi kuwa yana nan, ya fi numfashina kusa. Na gane in ya iske ni a ramin nan, to ya iske Bulus a nasa. Na fashe da kuka har suka kunna fitilu a rikice, suna zaton faɗuwa na yi.

Har yau Bulus ba shi da kabarin da zan ziyarta, kuma abin yana min ciwo. Amma na koma addu'a, na gode wa Ubangiji da bai yi fushi da fushina ba. Duk mai tambayar da ta hana shi barci, ya kai masa ita yadda take, ya dogara gare shi. Ƙanena bai mutu shi kaɗai ba. Amin.