Zuma a Ƙofar Shago

Da hantsi, ana yayyafi, na fake a rumfar tasha. Wata mai ɗinki tana yi wa wani dattijo ƙorafi, shi kuma yana rungume da akwatin katako.

"Baba, tun jiya shagona a rufe. Ƙudan zuma sun dunƙule a ƙofar, ga ɗinkin mutane a ciki. Ko wane sakarai ne mai su?"

"Kayya, 'yata, kar ki zage shi. Ba a buɗe amya cikin ruwan nan, sanyi zai kashe 'ya'yan. Su kuwa suna ciki suna gina wa sabuwar sarauniya ɗaki. Rana na leƙowa, tsohuwar ta kwashi rabinsu ta tafi."

"Ai sai ya duba kafin ruwan."

"Ya duba mana. Ya ga ɗakin, har ya ɗauko wuƙa zai cire, sai gwiwar nan tawa ta..."

Ya sunkuyar da kai. Ta dubi akwatin, ta gane na kama ƙudan ne, ta rufe baki da mayafi.

Can ta ce a hankali, "Bayan kantin magani ne, Baba, shuɗiyar ƙofa."

Ta kira mijinta a waya, ta ce ya fito da tsani. Dattijon ya tashi yana ɗingishi, bai iya kallonta ba.